Karkatacciyar Kujerar Baba

Tun da Auta ta dawo daga kwas ɗin ƙawata ɗaki, Baba bai sake zama a falonsa da kwanciyar hankali ba. Shi da kansa ya raka ta tasha ranar tafiya, har da doguwar addu'a, bai san wuƙar da za a yanka shi da ita yake wasawa ba.

Ranar da ta dawo, ko jaka ba ta gama kwancewa ba, ta tsaya a tsakiyar falo ta ɗaga kai sama. Can ta taka tebur ta ƙwanƙwasa silin da gindin tsintsiya.

"Baba, mene ne a bayan wannan?"

"Ɓeraye," in ji shi. "Ki bar kaza cikin gashinta."

Ina! Kafin mako ya zagayo kafinta ya zo da tsani, ya ɓamɓare silin ɗin kakaf. Ƙura ta zubo, gidan zanzaro ya zubo, har da wani busasshen ƙadangare da ya riga Auta zuwa duniya. Da ƙura ta lafa sai ga katakan rufi guda huɗu, manya, sun miƙe daga bango zuwa bango. Aka goge su, aka shafe su da mai har suna ɗaukar ido. Baba ya dube su, a ransa ya yarda sun yi kyau, amma bai faɗa ba. Mama ce ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Mun yi shekara da shekaru muna rufa wa gidan nan asiri, yau an tona, wai shi ne ado."

Daga nan Auta ta kafa doka. Katako, in ji ta, shi ne shugaban falo, komai sai ya bi layinsa. Doguwar kujera ta koma ƙarƙashin katako na farko, ɗoɗar. Bakin kafet ya bi na biyu. Aka rataya wata fitila mai kama da kwandon kaji a jikin na uku. Fanka kuwa aka sauke ta, domin tana tare wa na huɗu fuska, kowa ya koma fifita da kwali. Hotunan iyali da ke bango suka shiga akwati, aka maye gurbinsu da wani hoto guda wanda babu komai a cikinsa sai zane uku. Duk wannan Baba ya haɗiye. Zamani riga ne, ya gaya wa kansa.

Saura kujerarsa.

Tsohuwa ce, ruwan ƙasa, hannunta na dama ya goge har yana sheƙi, mazauninta ya lotsa daidai jikin mai ita. Ba ta kallon talabijin, ba ta kallon bango. A karkace take kusa da taga, rabi tana duban ƙofar falo, rabi tana duban waje. Duk wanda ya shigo, da Baba zai fara haɗa ido, shi zai fara gaisarwa. Tun da ya yi ritaya daga aikin akawu ba shi da ofis ba shi da tebur, wannan kujerar ce kaɗai ta rage masa da ke nuna akwai maigida a gidan.

"Baba, kujerarka tana faɗa da katako," in ji Auta, tana riƙe da tef ɗin awo.

"Shekara nawa suna tare ban taɓa jin hayaniyarsu ba."

"Da silin a tsakaninsu ne. Yanzu suna ganin juna."

Ta juya ta, ta saita ta da layi. Baba ya zauna sai ya ga kansa yana fuskantar zane ukun nan, ƙofa tana bayan kunnensa. Baƙi suka koma gaida ƙeyarsa. To, tsoho bai rasa dabara. Kullum in ya zauna sai ya sa dunduniya ya ɗan tura ta kaɗan, gobe ya ƙara kaɗan, kamar ba shi ba. Amma wa ya isa ya yi wa tef wayo? Auta ta auna, ta mayar, ta manna alama a ƙasa.

Abin haushin, Baba mutum ne da a zamaninsa in ya yi gyaran murya a ofis har masinja sai ya gyara tsayuwa. Amma gaban Auta ba shi da baki. A banɗaki yakan shirya jawabi mai zafi, da gabatarwa da kammalawa, in ya fito ya ga ta ɗago ido ta ce "Na'am, Baba?" sai ya tambaye ta ko ta ga tabaransa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Aka gano cewa launin kujerar ma yana kashe wa katako kwarjini. Aka lulluɓe ta da farin ƙyalle, bai yi ba. Aka tura ta lungu, aka girke wata shuka mai faffaɗan ganye a gabanta. Nan Baba yake zaune wata rana da hantsi, sai ga abokinsa mai kemis ya yi sallama. Ya zauna a sabuwar kujera, ya yaba katako, ya sha ruwa, sannan ya yi ƙasa da murya ya tambayi Mama:

"Yaya jikin mutumin? Na ga kwana biyu ba a ganinsa."

"Ga shi nan bayan ganye," in ji Mama.

Aka yi dariya, har da Baba. Amma dariyar ba ta wuce haƙoransa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Sai ranar ɗaukar hoto ta zo. Auta tana son ta nuna wa masu neman aikinta abin da hannunta ya iya, kuma kujerar, ko ta ina aka tsaya, sai ta leƙo cikin hoton.

"Baba, baranda za ta ɗan sha iska. Na ɗan lokaci ne."

Aka fitar da ita. Mai hoto ya gama ya tafi, ba wanda ya sake tayar da zancen. Baba ya tsaya a falo ya dubi kujerun da suka yi sahu kamar ɗakin jiran likita, ya ɗauki rediyonsa ya bi kujerarsa waje. Ya karkata ta yadda ya saba, ya zauna.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi. Mai kemis ya zo, ya tarar da shi a baranda, ya kifa bokiti ya zauna. Tela ya zo ya ɗare kan matakala. Mama ta fito da saƙarta da fulas ɗin shayi, ta ce dama kujerun ciki suna sa mata ciwon baya. Fankar da aka kora ita ma aka jawo mata waya ta fito. Jikoki in sun zo, nan suke zubewa. Baranda ta cika da hira da ɓawon gyaɗa, falo kuwa ya zauna tsaf, ba ƙura ba mutum, sai Auta da ke shiga tana gyara matashin da ba wanda ya taɓa.

Abokai suka ce Baba ya yi nasara. Shi ya san ba nasara ba ce. Mutum ya gina gida da guminsa, a ce a bakin ƙofa yake karɓar baƙi?

Wata rana da la'asar wani mai kawo saƙo ya tsaya da babur, ya shigo da kwali a hannu. Ya dubi tsohon da ke zaune a waje da rediyo, yana fuskantar ƙofar gida, ya yanke hukunci.

"Sannu da aiki, baba mai gadi. Masu gidan suna ciki?"

Saƙar Mama ta tsaya cak. Baba ya rage muryar rediyo a hankali.

"Suna ciki," ya ce. "Su huɗu ne. In ka shiga ka ɗaga kai sama, za ka gan su."

Tagar falo a buɗe take. Auta ta fito ta karɓi kwalin, sabbin matasai ne, ta sallami mutumin ba tare da ta dube shi ba. Ta daɗe a tsaye, kwalin a ƙirji.

"Baba, don Allah, me ya sa ba za ta zauna daidai ba? Ko a nan ma ka karkata ta."

"Sabo ne kawai."

"Ba sabo ba ne," in ji Mama, ta ci gaba da saƙa. "Da can daidai take, tana kallon talabijin kamar ta kowa. Ranar da aka fara kai ki makaranta ya juya ta, don ya hango ƙofar gida ta taga. Wai kada ki dawo ba wanda ya gan ki."

"Ke dai kin cika surutu," in ji Baba, ya kama murɗa rediyo.

"Kin yi sakandare, tana nan. Da kika tafi kwas ɗin nan kuwa, ya san sarai ba ranar dawowarki ba ce, amma in aka taɓa ƙofa sai ya miƙa wuya."

Baba ya ji kunya ta rufe shi kamar an kama shi da sata. Auta ta ajiye kwalin. Ta zauna a hannun kujerar, wanda ya goge ɗin nan, inda take ɗarewa tana ƙarama da jakar makaranta a baya, ta kalli inda yake kallo. Ba komai a wurin sai ƙofar ƙarfe mai tsatsa a gindi.

"Tashi, Baba," ta ce.

Ita kaɗai ta ja kujerar ta mayar falo, ta ƙi a taya ta. Ta naɗe gefen kafet, sai ga sawun ƙafafu huɗu a jikin daɓe, inda shekaru suka ci. Ta saita kowace ƙafa a sawunta. Baba ya zauna, jikinsa ya faɗa cikin lotsawar, ga ƙofar falo, ga taga, ga ƙofar gida. Daɗi ya kama shi, sai ya tambayi tabaransa, alhali yana kan hancinsa.

Da ya lumshe ido sai ya ji ƙarar jan kaya. Auta ce take karkata doguwar kujera ta bi tasa. Ta karkata kafet, ta karkata tebur, ta karkata talabijin. Ta ja da baya ta duba, komai ya bi layin Baba ɗoɗar. Sannan ta ɗaga kai sama, ta jawo tef.

"Baba," ta ce, "ka lura katakan nan a karkace suke?"

Baba ya riƙe hannun kujerarsa gam.

"Mama, ina lambar kafintan nan?" in ji Auta.