Aljihun Juzu'i Na Sha Bakwai

Ni na zo ta ɗaya a makarantar lauyoyi, kuma ban bar kowa ya manta ba. Ranar da na fara aikin gwaji na wata uku a ofishin Yallaɓai, wani babban lauya, kafin azahar har mai shara ta sani. Suka laƙaba mini Ta-Ɗaya. Na ɗauka yabo ne.

A mako na shida Yallaɓai ya miƙo mini shari'ar wani tela da ake son kora daga shagonsa.

"Nemo mini abin da doka ta ce kan wa'adin tashi. In ya yi kyau, aiki ya zama naki."

Na shiga ɗakin littattafai ina ƙwas-ƙwas da dogon takalmi. Kundin bayanin shari'a ya cika bango guda, juzu'i arba'in da biyu. Na sauko da na sha bakwai, na sami sashen haya, na kwafe tsaf. Gwaggo, wadda ta shekara talatin tana kula da ɗakin, ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yar nan, kin duba aljihun bangon baya?"

"Gwaggo, na iya buɗe littafi."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Yallaɓai ya karanta takardata a gaban kowa.

"Juzu'i, sunan kundi, babi, sashe, shekara. Kin jera su ras. Amma kundi ba alƙali ba ne, hanya kawai yake nunawa. Hukuncin da ya ambata a ƙasan shafi, kin karanta shi?"

Ya sa aka kawo littafin, ya zura yatsu a bangon baya, ya zaro wani siririn littafi na gyare-gyare. Ashe kotun sama ta soke hukuncin shekara huɗu da suka wuce.

"Da na karanta wannan a kotu, da keken telan nan yana bakin titi."

Ya mayar da ni ƙarƙashin Gwaggo. Sababbin littattafan gyara sun iso: in cire tsoho, in sa sabo, in bi sashe-sashe ina yin alama da fensir. Yayata ta ce in ajiye musu aikinsu. Na ce wallahi sai dai su kore ni, ba zan ba su wannan daɗin ba.

Mako biyar ina hawa tsani ina atishawa. Dogon takalmi ya koma silifas. Masu wucewa suna leƙowa: "Ta-Ɗaya, an kai juzu'i na nawa?" Ina amsawa da haƙora a waje, zuciya na tafasa. Ban ba Gwaggo haƙuri ba, amma kullum ni ke dafa mata shayi. A tsakani na sake rubuta takardar tela daga sabon hukuncin, na tura ta ƙarƙashin ƙofar Yallaɓai ba tare da an tambaye ni ba.

Ranar ƙarshe ta gwajin ya shigo ɗakin da takardar a hannu, bai ko kalle ni ba.

"Gwaggo, mu riƙe ta?"

Ta daɗe tana goge tabarau.

"Kan nan nata har yanzu da ƙyar yake shiga ƙofa. Amma yanzu ta baya take fara buɗe littafi."

Aka ba ni tebur, daf da na Gwaggo. Tela yana shagonsa. Ni kuma har yau Ta-Ɗaya suke kirana, ina amsawa, sai dai a hankali.