Awa Guda a Filin Madeleine

Shekara goma sha ɗaya Illiassou ya yi yana ɗaukar akwatunan kayan lambu a kasuwar Rungis, har bayansa ya ce shi kam ya gaji. Likita ya hana shi ɗaukar nauyi. Sai ya kwashi iyalinsa daga Paris ya koma Vénissieux, gefen Lyon, ya zuba duk abin da ya tara ya sayi moto mai ƙafa huɗu, wanda Faransawa ke ce wa kwad. Yana ɗora shi a tirela, yana bin ƙananan gonakin kan tudu da tarakta ba ta iya shiga: ya ja itace, ya watsa iri, ya ja wani ƙarfe mai haƙora da ke baje kashin dawaki a makiyaya.

Bai wahalar da kansa kan kuɗin aiki ba. Ya ji ana karɓar yuro ashirin da biyar a awa, shi ma ya ce ashirin da biyar. Sai dai bawan Allahn nan bai iya nawa ba. A gonar ubansa Alasan a Tahoua mai jan jiki abin dariya ne, Rungis kuma ta ƙara masa wuta. Filin da wasu ke kwashe awa biyu a kansa, shi kafin awa ta cika ya kakkaɓe hannu. Wato ya fi kowa aiki, ya fi kowa komawa gida hannu sake. Wannan wane irin shashanci ne!

Matarsa Halimatou ba ta ɓoye masa ba. "Baban Najla, mai kawai kake saya wa moton nan. In wata mai zuwa ya zo a haka, sayar da shi za a yi."

Ya san ma'anar maganar: komawa Rungis, da wannan baya nasa. Abin ya ba shi tsoro ƙwarai.

Mounkaila, ɗan garinsu mai tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya, dariya ya yi masa. "Kai dai ba ka da wayo. Awa suke saye, ka sayar musu da awa mana. Sa giya ta ɗaya, ka riƙa kallon tsuntsaye."

Ranar Talata ya gwada, a filin Madam Madeleine, wata tsohuwa mai dawaki uku da mijinta ya rasu ya bar mata. Wannan ne zuwansa na farko wurinta, aikin baje kashin dawaki ta kira shi. Ya sa giya ta ɗaya, moto na rarrafe, tsohuwa na tsaye jikin shinge da sandarta, har da ɗaga masa hannu. Zagaye biyu ya yi kunya ta rufe shi. Shi, ɗan Alasan, yana satar minti a gonar tsohuwa? Ina! Ya kashe moton ya sauko.

"Madam, zan sake miki magana. Awata arba'in da biyar ce."

Ta ɗago gira. "Ashirin da biyar ka ce a waya. Haka Pascal ke karɓa, mai yi mini aikin kafin kai."

"Awa nawa yake yi?"

"Biyu. Wani lokaci da rabi."

"To, ɗauko agogo. In na wuce awa guda, ko kika ga inda na tsallake, kar ki ba ni ko sisi."

Ya san in ta ce a'a, gobe duk ƙauyen zai ji baƙon nan ya cika tsada. Amma bai janye ba. Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta shige gida, ta fito da ɗan agogon da take dafa ƙwai da shi, ta murɗa shi kan awa guda ta ɗora kan turken shinge.

Illiassou ya yi bisimilla ya hau. Ya fara bin gefe, sannan ya riƙa yanka filin layi-layi, kowane layi na hawa kafaɗar na baya. Bayansa na zugi a kowane gargada, ya cije. Kusurwar da ke da duwatsu ma bai bar ta ba, sau biyu ya koma mata. Da ya kashe moto, saura minti takwas agogon ya yi ƙara.

Madeleine ta bar jikin shinge. Ta dogara sanda ta shiga filin, ta taka shi har ƙarshe, tana tona ciyawa nan da can. Ta daɗe. Da ta dawo ta miƙa masa arba'in da biyar cif, sannan ta zaro wata takarda daga aljihun rigar sanyinta. Sanarwar sayar da dawaki ce, wadda ta yi niyyar liƙawa a shagon burodi. Ta ninke ta huɗu ta mayar aljihu.

"Shekara tara," in ji ta, "ina zaton filin nan ne ya fi ƙarfina, ashe aikin ne ba a yi masa yadda ya kamata."

Ta juya ta kalli dawakinta. "Maƙwabcina Alain yana da fili biyu. Nawa zan ce masa?"

"Arba'in da biyar," in ji Illiassou. "Ki ara masa agogon."