Babin Dogo

A gidan yarin da take aiki, Malama Walwala ake ce mata. Ba don fara'a ba ne, don ita dariyarta tsada gare ta. Ofishin walwalar fursunoni ne a hannunta, shi ne sunan ofis ya bi ta. Ita ke kira wa mutum danginsa a waya, ita ke nemo magani idan na asibitin gidan ya ƙare, kuma ita ce ta ƙarshe da mutum ke gani ran sallama. Sai ta miƙa masa kayan da ya shigo da su a cikin leda, waɗanda galibi sun yi masa yawa ko sun matse shi, ta raka shi bakin ƙofa, ta tsaya ta ga wa ya zo tarbarsa.

Yawanci ba kowa. Tambayar inda mutanen nan suke nufa in sun sha kwana ita ce ta kai ta jami'a neman digirin digirgir a fannin hukunta laifi da gyaran hali, bayan ta haura arba'in. Da safe kaki, da yamma littattafai. Teburin cin abincin gidanta ya koma teburin karatu, har maigidanta, wanda malamin lissafi ne a sakandare, ya saba cin abinci da faranti a cinya. Shi ya laƙaba mata Dakta Saura Ƙiris tun a shekarar farko, aka shiga ta biyar sunan bai tsufa ba.

Ta yi hira da mutane da dama cikin waɗanda suka yi dogon zama aka sallame su. Akasarinsu in ta tambaye su yadda gida ya karɓe su, sai su ce, "Sai godiya, Malama," su kama kallon takalminsu. Mutum ɗaya ne ya buɗe mata cikinsa, wani kafinta da ake kira Dogo.

Dogo ya shiga gidan yari yana saurayi. Faɗa ne ya kaure a tashar mota, ya kai wa wani duka, mutumin ya faɗi bai tashi ba. Ya yi shekara goma sha wani abu a ciki, a can ya koyi sassaƙa, ya fito da furfura a gemu. Gidan da mahaifinsu ya bari yana hannun yayansa. Yayan bai kore shi ba, amma ɗakin ajiya ya ba shi, kusa da ƙofar waje, tsakanin tsofaffin tayoyi da buhunan siminti. Aka ware masa kwano da kofi. Aka hana yara ce masa Baffa. In za a kwanta, sai a kulle ƙofar da ta raba shi da cikin gida. Ran da wayar yayan ta ɓata, kafin a gama laluben kujeru an watso masa kayansa waje. An ga wayar daga baya a aljihun wata riga, amma ba wanda ya je ya kira shi. Ya koma kwana a kan teburin aiki a wata 'yar rumfa da ya kama a layin masu walda.

A rumfar nan Malama ta riƙa samunsa, ta ajiye na'urar ɗaukar magana a kan katako, shi yana goge ƙafar kujera yana ba ta labari. Ya iya magana. Wata rana ya ce mata, "A ciki, Malama, ƙofa ɗaya ake kulle maka, kuma ka san mai makullin. A waje kowa da nasa makullin a aljihu."

Farfesan da ke duba aikinta ya ja wa wannan magana layi biyu da jan biro. Mutum ne mai rowar yabo, amma da ya gama karanta babi na huɗu na kundin digirinta sai ya cire tabarau ya ce, "Wannan mutumin shi ne kundinki. Sauran duk 'yan rakiya ne." Har ya fara zancen a mai da babin littafi bayan ta kare kundin.

Ƙa'idar aikin ce a koma a karanta wa mutum abin da aka rubuta a kansa. Malama ta daɗe ba ta je rumfar ba saboda rubutu. Da ta je sai ta tarar da ita a rufe, ƙura ta kwanta a kan kwaɗon. Mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Dogo? Ai yana gidan yayansa. Jinya yake."

Matar yayan ce ta buɗe mata ƙofa, ta kai ta falo. An ture kujeru gefe an kafa gado a tsakiya. A kan gadon ga wani ƙaton mutum kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Dogo na durƙushe a gefensa da reza da kofin ruwa, yana yi masa aski.

"Yaya, ɗan ɗaga haɓa. Yauwa. Ga baƙuwa mun yi, kar ta ce ban iya aiki ba."

Mutumin ya yi wani sauti a maƙogwaro. Dogo ya goge masa baki da tsumma, ya cusa hannu a ƙarƙashin kafaɗarsa ya juya shi kamar yaro, ya gyara filo. A gefen gadon akwai wata kujera sabuwa fil mai faɗin hannu ɗaya, inda za a ɗora hannun da ya mutu. Malama ta gane aikin Dogo ne.

"Ni ba na iya ɗaga shi," in ji matar a hankali. "Yaran kuma duk suna makaranta. Da ya faɗi ban san wa zan kira ba, sai na aika layin masu walda."

Suka fita tsakar gida, ita da Dogo, suka zauna a benci. Ta ce ta zo ne ta karanta masa, in ba shi da lokaci ta dawo. Ya ce ta karanta. Ta karanta masa ɗakin ajiya da tayoyi, da kwanon da aka ware, da wayar da ta ɓata. Ta sauya masa suna a rubutun, ta sauya unguwa. Yana saurare yana juya rezar a hannu, bai katse ta ba har ta dire.

"Babu ƙarya ko ɗaya," ya ce. "Kin ma rage. Amma ki cire."

"In cire wanne?"

"Duka."

Ta ce masa ba wanda zai gane shi. Ta ce kundin a ɗakin karatun jami'a zai zauna, masu buɗe shi ba su fi a ƙirga ba. Ta ce in ya so sai ta mai da yayan kawu, ta mai da kafinta tela.

"Ni zan sani, Malama. Kullum ina wanke shi, ina ba shi shayi a cokali. Ba zan riƙa yi masa haka ba alhali na san na ajiye shi tsirara a wani wuri, shi kuma ba bakin da zai ce ga nasa ɓangaren."

"Ya nemi gafararka ne?"

Dogo ya yi 'yar dariya. "Da wane bakin? Wataƙila in ya warke gobe ya sake kora ta. Ba wannan ba ne. Lokacin da na yi miki maganar nan ba ni da kowa, ke kaɗai ke zuwa ki zauna. Zafi ne na amayar. Yanzu kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki yi haƙuri, na san na ɓata miki aiki."

Daga falo aka ji sautin maƙogwaron nan. Dogo ya miƙe, ya ce ta gaida gida.

Farfesa bai ɗauki zancen da zafi ba da farko. Ya tambaya ko mutumin ya sa hannu a takardar amincewa, ta ce ya sa. Ya ce takardar ta ba shi damar janyewa kafin a fara rubutu, an kuwa wuce nan tuntuni.

"Magana zarar bunu ce," in ji shi. "Ya faɗa, kin ɗauka, kin ɓoye sunansa. Ba kwamitin da zai kama ki da laifi. Kin san abin da zai rage in kika cire shi? Alƙaluma da sai godiya."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To me kike so in ce miki?"

Ta tattara takardunta ta fito.

A gida maigidan ya saurare ta yana gyaran takardun jarrabawar ɗalibansa. Ya ce shi dai a lissafi in ka cire babban adadi amsa takan ragu, bai san yadda abin yake a nasu fannin ba. Da ya ga ba ta yi dariya ba sai ya ajiye biro ya ce, "In kin bar shi a ciki, za ki iya komawa rumfar nan ki zauna?"

Ba a ranar ta yanke shawara ba. Ta yi makonni tana neman hanyar tsakiya. Ta mai da Dogo tela, ta mai da yayan kawu, wayar ta zama agogo. Da ta karanta sai ta ga ko dai Dogo ne sak a cikin rigar aro, ko kuma wani mutum ne da ba a taɓa haifa ba, ita ta ƙirƙire shi. Na farkon shi ne abin da ya roƙa kar a yi, na biyun kuma ba bincike ba ne. Wata Asabar bayan ta gama wanki ta zauna a teburin, ta zaɓe shafukan tun daga inda Dogo ya shigo har inda ya fita, ta goge. Ta goge muryarsa daga na'ura. Abin bai ɗauki lokacin da shayinta zai huce ba.

Cike gurbin ne ya ci kusan shekara. Ta koma wurin masu sai godiya ɗaya bayan ɗaya, tana tatsar abin da ya samu. Wani ya ce matarsa ta yi aure. Wani ya ce an karɓe shi lafiya, sai dai ba a aikensa kasuwa. Da irin waɗannan ta sake gina babin. Farfesa ya karanta ya sa hannu, bai ja layi a ko'ina ba, zancen littafi kuma bai sake tasowa ba. Waɗanda suka fara tare da ita biyu suka gama suka bar ta. A wurin aiki masu ce mata Dakta don zolaya suka gaji suka koma Malama Walwala.

Ran kare kundi an zauna a wani ɗaki mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a dattijuwa ce, ta cika gefen shafuka da rubutu. Ta yi tambayoyi a kan yadda aka zaɓi mutane, da dalilin da ya sa ba mata a cikinsu, Malama ta amsa. Sannan ta buɗe babi na huɗu.

"Aikin tsaf yake, ba ni da ta cewa a kan alƙaluma. Amma babin nan kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share. Duk shekarun nan ba ki samu ko mutum ɗaya da ya yi miki magana ta gaske ba?"

"Na samu. Ya janye."

"Bayan kin rubuta?"

"Bayan na rubuta."

Dattijuwar ta dube ta ta saman tabarau, ta dubi Farfesa, wanda ya duƙufa kallon fanka. Ta rubuta wani abu gajere, ta wuce babi na biyar. Aka ce Malama ta fita ta jira. Da aka kira ta, aka ce ta ci, da gyare-gyaren da za ta yi cikin wata uku. Ta yi su.

Ba a daɗe da ba ta takardar shaida ba mai waldan ya kira ta ya ce yayan Dogo ya rasu. Ta je gaisuwa bayan an tashi aiki. A mota wani tunani ya zo mata, bai kuma bar ta ba har ta sauka: yanzu da yayan ya tafi, ko Dogo zai yarda a sake zama, ko don maƙala ɗaya a mujalla. Ta san yawancin maganganunsa da ka.

Ta zauna cikin mata ta yi wa matar gaisuwa. An fitar da gadon daga falo, an mai da kujeru wurinsu. Da ta tashi tafiya Dogo ya taso daga cikin maza ya raka ta bakin titi. Ya rame, idonsa ya faɗa.

"An gama karatun?" ya ce.

"An gama."

"Madalla. Allah ya sa albarka."

Suka tsaya suna jiran mota. Tambayar na bakinta, ta juya ta sau da yawa, ba ta fito ba. Ya ce ya ji ana cewa za a yi gwanjon tsofaffin injinan sashen kafintoci na gidan yari, akwai wani injin goge katako da ya yi shekaru yana aiki da shi, ya san lafiyarsa, bel kawai yake so. Ko za ta tambaya masa? Ta ce za ta tambaya.

Ran Litinin ta leƙa ofishin mai kula da kaya. Ya duba ya ce ai an yi gwanjon tun watan jiya, wani mai sayen tsohon ƙarfe ya kwashe duka. Ta kira Dogo ta gaya masa. Ya ce ba komai, ya gode, zai nemi wani. Ta ajiye wayar ta jawo fayil na gaba.