Ranar da Za a Yi wa Yaya Aiki

Ina ɗaura kallabi zan tafi majami'a Zuwaira, matar yayana, ta bugo waya. Wai an kawo Yaya Abdurazak asibitin Tawa daga Barmu, ciki ya kumbura, ƙarfe sha biyu za a yi masa aiki. Wai yana so in zo a yafi juna kafin a shiga da shi, kamar yadda ake yi.

Na ce, "Ashe kuna da lambata."

Shekara uku ke nan da Inna ta rasu. Yaya ya hana kowa ya gaya mini saboda na zama Kirista. Sai rana ta huɗu na ji, a kasuwa, a bakin mai nono. Ni ba mai ɓoye fushi ba ce, na kashe wayar na yi tafiyata sujada.

Zama ya gagare ni. In gyara zani, in duba agogo, in sake gyarawa. Kuma ranar Jibin Ubangiji ce. Fasto ya karanta wurin da Yesu ya ce in ka kawo baiko, wato sadakarka ga Allah, ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Na ce a raina ai ni aka yi wa laifi. Duk da haka da farantin gurasa ya iso gabana hannuna ya ƙi miƙuwa. Na fita na tari kabu-kabu, ina ta yi wa mai babur faɗa ya yi sauri.

Na tarar da Yaya ya rame, an sa masa ruwa a hannu.

Ya ce, "Rakiya, ki yafe mini."

Na ce, "Na yafe, Yaya." Na faɗa da sauri, har na ji daɗin kaina.

Ya ce, "Tsaya, ba ki ji abin da kika yafe ba. Kwana biyu Inna tana tambayarki. Ni na ce mata an kira ki, kin ce ba ki zuwa. Da wannan ta tafi."

Na tsane shi a lokacin, ba zan yi ƙarya ba. Ma'aikata biyu suka shigo da gadon turawa, Zuwaira ta juya fuska bango tana kuka. Na nemi addu'a a bakina na rasa, sai dai na tuna ni ma ba a jira na cancanta ba aka gafarta mini.

Suka ɗaga shi, idonsa na kaina. Sun kusa ƙofa na bi su na kama ƙarfen gadon.

Na ce, "Har da wannan, Yaya." Na sunkuya kusa da kunnensa. "Amma in ka fito, sai ka sake tambayata gobe."