Ƙusa a Tayar Malam Ernest

Malam Ernest mazaunin Tudun Wada ne, yana koyarwa a wata firamare a Hanwa, kuma a keke yake zuwa aiki. Hanyarsa ta ratsa layin kafintoci, don haka da wuya sati ya wuce bai tura keken zuwa rumfar wani dattijo mai faci, Baba Nagoda, ba.

Wata safiya Nagoda ya zaro tiyub, ya ga duk faci ya cinye shi.

"Malam, ka sayi tayar nan mai kauri da ƙusa ba ta saurin hudawa. Da tsada, kuma za ka ji nauyinta a ƙafa, amma za ka huta."

"Ai kai za ka rasa ciniki, Baba."

"Kai yara ke jira a aji. Ni masu babur sun ishe ni."

Sai ƙarshen wata Ernest ya saya. Kwanakin farko cinyoyinsa suka yi tsami, har ya fara da-na-sani.

Ranar jarrabawar 'yan aji shida, takardu na ɗaure a bayan keke, ya ji ƙas-ƙas a tayar gaba. Amma iska ba ta fita ba, ya isa kafin a buga ƙararrawa.

Da aka tashi ya biya ta rumfar. Nagoda ya sa filaya ya zare wata lanƙwasasshiyar ƙusa. Ernest ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri, Baba."

"Amin. Ka dai riƙa biyowa muna gaisawa."