Katin da Hamisu Ya Mayar

Shekara goma sha tara Malam Hamisu ya yi yana tuƙa Alhaji Tijjani, kuma babu shekarar da bai kai kati jami'a ba. Alhaji zai zaro ɗan katinsa mai suna da lambar waya, ya rubuta layi biyu da Turanci a bayansa, Hamisu ya kai wa wani babba a ofishin ɗaukar ɗalibai. Da haka 'ya'yan dangi da na abokai suka zama lauyoyi da injiniyoyi, wasunsu ko wasiƙa ba sa iya rubutawa. Duk Nassarawa GRA an san haka ake yi, kuma babu mai jin kunya.

Bana kati biyu aka ba shi. Ɗaya na Salwa, autar Alhaji. Ɗaya na Ma'u, 'yar Hamisu ta fari, wadda aka haifa a ɗakunan baya na gidan. Su biyun likitanci suka cike. Salwa ta ci ɗari biyu da sha huɗu a jarrabawar JAMB, Ma'u ta ci ɗari uku da biyu.

Hamisu allo ya yi, bai yi boko ba. Kafin ya tayar da mota ya leƙa ɗaki, ya miƙa wa Ma'u katunan don ta ji daɗi. Uwarta Lami tana bakin ƙofa tana yankan alayyahu.

Ma'u ta karanta.

"Me ya ce?" in ji Hamisu.

"Na Salwa ya ce, 'yata ce, likitanci. Nawa ya ce, 'yar direbana ce, a ba ta duk abin da ya rage."

"Abin da ya rage," in ji Lami, ba ta ɗago ba. "Kamar ƙanzon tukunya ke nan."

"Wataƙila ba ki fassara daidai ba," in ji Hamisu.

"Baba, ɗari uku da biyu fa na ci. Layi biyu ba zai gagare ni ba."

Hamisu ya zauna a bakin katifa. Ya san aikin nan fiye da kowa. Idan katin ya isa, za a cire ta daga layin likitanci a cusa ta wani sashe, ta sami gurbi tabbas. Idan bai isa ba, sai ta jira jerin waɗanda makinsu kaɗai ya shigar da su, kuma gurabun can ba su da yawa. Ya tuna yadda ya je har garinsu a Jigawa sau biyu neman takardar ƙaramar hukuma, da yadda Lami ta riƙa raka yarinyar unguwar Hotoro koyon kwamfuta wata uku, tana zaune a benci a waje.

"Idan sunanki bai fito ba, shekara ta tafi," ya ce.

"Sai in sake zama, Baba."

Ya dubi Lami.

"Kada ka kalle ni, Malam. Ni ban yi zaman bencin nan don ƙanzo ba."

Ya kai katin Salwa, domin aikinsa ne. Da la'asar ya sami Alhaji a baranda yana shan shayi, ya durƙusa, ya ajiye ɗayan kusa da kofi.

"Ba ka sami mutumin jami'ar ba ne?"

"Na same shi, ranka ya daɗe. Na ba shi na Salwa. Wannan kuma mun gode, Allah ya saka da alheri. Yarinyar likitanci take so."

Alhaji ya yi dariya. "Hamisu, likitanci ba lasisin tuƙi ba ne. Ƙasar nan sai da hanya."

"Ai ni nake bin hanyar, Alhaji, shekara goma sha tara. Wannan karon dai a bar ta ta shiga ta ƙofar gaba."

"To, kada ka dawo mini da kuka."

"Ba zan dawo ba."

Mako biyar Alhaji bai yi masa magana a mota ba sai dama da hagu. Mako biyar Ma'u tana duba waya kafin ta karya. Ran wata Talata da hantsi ta fito da gudu ba takalmi, ta same shi yana wanke taya. Ya goge hannu a riga, ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa.

"Likitanci?"

"Likitanci, Baba."

Washegari a kan hanyar ofis Alhaji ya yi gyaran murya daga kujerar baya.

"Na ji labari. Ka gani, ko ba kati sun san 'yar gidana ce."

Hamisu ya dube shi ta madubi.

"Adireshin garinmu ta rubuta a fom, ranka ya daɗe."

Ya kunna sigina, ya shiga titi.