Mista Lowson Ya Tafi Lambu

Morag tana juya kifi a kasko ta ji ana zura mabuɗi a ƙofarta. Ba a ƙwanƙwasa ba, ba a kira sunanta ba. Ƙarar ƙarfe ce kawai a kan ƙarfe, a natse, irin ta mutumin da ya tabbata gidansa ya dawo. Ta kashe wuta. Ba ta san sa'ad da ta ɗauki wuƙar burodi ba, sai ganinta ta yi a hannunta.

An jima da ta gudo daga gidan mijinta Rab da jaka ɗaya da karyayyen haƙori, kotu ta raba auren, hukuma ta ba ta wannan sashe a hawa na sha ɗaya na benen Balgarth. Shi Rab ma an ce ya koma birnin Aberdeen ya yi wani auren. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Ta lallaɓa ta leƙa ta 'yar kafar ƙofa. Sabon maƙwabcinta ne, Mista Lowson, dogon tsoho mai faɗin kafaɗa, da baƙar kwat da ledar dankali a hannu.

"Isobel," ya ce, "canza makulli kika yi?"

Ta buɗe iyakar inda sarƙa ta bari. "Mista Lowson, ba nan ba ne. Taka ƙofar ce ta gaba, mai shuɗin fenti."

Ya tsura mata ido. Tana kallo fuskarsa ta haɗe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ɗaga tafin hannu ya doki ƙofar, sarƙar ta yi ƙara kamar za ta tsinke. Sai kuma ya dubi hannun nasa, kamar aro aka ba shi.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Ƙofofin naku ne duk iri ɗaya."

Ranar ba ta ci kifin ba.

A benen Balgarth ba a tambayar mutum abin da ya kawo shi, don kowa ya san hanyoyin ba su da yawa: ko aiki ya ƙare, ko aure ya mutu, ko duka biyu. Mista Lowson ya tare ne da kaka, lokacin da ganye ke zuba. Masu kwasar kaya suka yi ta hawa da kwalaye, daga ƙarshe suka fito daga lif, na'urar hawa bene, da baro da shebur da buhun taki, suna dariya ƙasa-ƙasa. Ina za a yi noma a hawa na sha ɗaya?

Senga, ƙawar Morag da ke hawa na huɗu, ita ta kawo labarinsa a ɗakin wanki, tana cusa zannuwan gado a inji.

"Tsohon direban bas ne. Shekara arba'in da 'yan kai suna tare, matar, Isobel, ta ce ta gaji. Aka sayar da gidansu na Unguwar Niƙa aka raba kuɗin, nasa kason bai isa komai ba, ga shi nan an jefo mana shi." Ta kashe ido ɗaya. "Ke dai kin yi sa'a, an kawo miki saurayi har bakin ƙofa. Da fanshonsa da komai."

"Rufe mini baki, Senga."

"To ni ce na aike shi ya gwada mabuɗi a ƙofarki? Ni tawa ko mai karanta mita ba ya taɓawa." Sai ta rage murya, dariyar ta gushe. "Amma ki kula. Mace ba ta barin miji da furfura a kanta haka kawai."

Abin bai tsaya a ranar farko ba. Duk la'asar, in Morag ta dawo daga kicin ɗin makarantar firamare inda take aiki, ba ta gama cire takalmi sai ta ji mabuɗin. Wani lokaci ya gwada sau ɗaya ya wuce. Wani lokaci ya tsaya shiru a bayan ƙofar, tana jin numfashinsa. Bangon da ke tsakaninsu bai fi kwali kauri ba. Tana jin yana jan kaya a ƙasa, yana magana da wata da ba ta amsawa, yana tambayarta inda ta ajiye masa abu, muryar tana hawa tana hawa, sai wani abu ya fashe, sai shiru.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, wata Asabar da rana, hayaƙi ya cika baranda. Ƙofarsa a buɗe take. Morag ta tsaya, zuciyarta na ce mata ta koma ciki ta kira 'yan kwana-kwana. Ta rufe hanci da gefen riga ta shiga.

Tukunya ce ta ƙone ƙurmus a kan wuta. Ta sauke ta, ta wangale taga. Da hayaƙin ya lafa ta ga ɗakin. Ko kwali ɗaya ba a buɗe ba tun zuwansa, an jera su a jikin bango har kusa da rufi. Ba labule. A kan ɗan tebur an ajiye faranti biyu, cokula biyu, kofuna biyu. Shi kuwa yana zaune a kan baro da kwat ɗinsa, kamar mai jiran mota.

"Mista Lowson, da ka ƙone mu duka."

Ta juya za ta fita ya kamo wuyan hannunta. Riƙon ba na tsoho ba ne. Ta san irin riƙon nan, ta san inda babban yatsa ke dannawa.

"Yaushe za mu koma gida?" ya ce a hankali. "Wasan ya isa haka, Isobel. Kin san ba na son a maimaita mini abu."

"Sake ni."

Bai sake ta ba sai da ya ga dama.

Ranar Litinin ta buga waya ofishin gidaje, ta ce tsohon ba shi da lafiya, ƙwaƙwalwarsa ta fara juyewa, bai kamata ya zauna shi kaɗai ba. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ce an ji, za a turo wani ya duba shi bayan hutun sabuwar shekara. Morag ta biya kasuwa ta sayo sakata mai kauri, ta ɗaura da kanta. Shatin yatsunsa ya daɗe a hannunta, daga baƙi ya koma rawaya.

A watan Janairu sanyi ya sauko irin wanda ke daskarar da ruwa a famfo. Lif ya lalace. Wata safiya tana ɗaura gyale za ta fita aiki aka ƙwanƙwasa, wannan karon a ladabce. Ta leƙa. Ya yi aski, ya taje gashi, shebur a kafaɗa.

"Malama," ya ce, ba Isobel ba, "wace bas ce ke zuwa Unguwar Niƙa yanzu? Sun canza lambobin tun da na bar aiki."

"Me za ka yi a can?"

"Lokacin juya ƙasa ya yi. In ba a juya ta yanzu ba, kabeji ba ya yin kai."

"Ƙasa ta daskare, Mista Lowson. Koma ciki ka sha shayi. Ka ji?"

"Buɗe mana, ba na jin ki sosai."

Hannunta ya kai kan sakatar. Ta dubi wuyan hannun, ta dubi sakatar. Ba ta zare ba.

Ya ɗan jira, ya gyaɗa kai kamar ta ba shi amsa, ya nufi matakala. Ya sauke shebur ɗin yana ja, bakinsa na bugun kowace mataka, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙarar na nisa har ta ɓace a can ƙasa.

Da la'asar ta dawo ta cire takalmi, ta zauna tana jira. Ba mabuɗi. Da farko wani sanyin daɗi ta ji a ranta. Ta ɗora ruwan shayi. Ruwan ya tafasa ya huce ba ta zuba ba. Ta kafa kunne a bango, ba motsi. Dusar ƙanƙara ta fara zuba a kan motocin da ke ƙasa. Kafin fitilun titi su kama ta kira 'yan sanda, ta faɗa musu sunan unguwar.

Washegari wata 'yar sanda ta hawo matakala tana haki, ta cire hula kafin ta yi magana. Ta ce waɗanda suka sayi tsohon gidansa na Unguwar Niƙa sun yi tafiya, shi ya sa ba wanda ya gan shi. An buga ƙofar gaba da yamma ba a ji kowa ba, sai da gari ya waye aka zagaya baya. Ya sare ƙasar lambun gidan kamar rabin kunyar shuka, duk da taurinta. A ɗan ɗakin katako na ƙarshen lambun aka same shi zaune a kan bokiti, ya jingina da bango, ya ninke kwat ɗinsa ya ajiye a gefe, rai ya yi halinsa.

"Sanyi ne," in ji 'yar sandan. "Likita ya ce kamar barci."

Senga ta hawo da miya a kwano, ta zauna kusa da Morag.

Bayan jana'iza da mako guda Morag ta ji motsi a ɗakinsa. Ta tarar da wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin gashi a durƙushe gaban kwali, tana fito da riguna. Ofishin gidaje na son ɗakin kafin ƙarshen wata, akwai masu jira.

"Ke ce Morag? An ce ke kika kira 'yan sanda. Na gode."

"Ya ƙwanƙwasa mini da safiyar ranar," in ji Morag. "Ban buɗe ba."

Isobel ce, matar da ta bar shi. Ta ɗago ta dube ta, doguwar duba irin ta mata biyu da ba sa bukatar dogon bayani. Ƙaramin yatsanta na hagu a karkace yake, ya ɗore ba daidai ba.

"Ya taɓa ki?"

"Sau ɗaya."

"Uhm." Ta shimfiɗa riga a kan cinyarta. "A coci kowa sai ce mini yake ciwon ne ya canza shi. Ciwon bai canza komai ba, 'yar uwa. Mantar da shi kawai ya yi cewa na tafi. Ban san yana ɗauke da shi ba lokacin da na fita. Da na sani da na zauna, ni na san kaina. Da yanzu ni kuka binne."

Morag ta durƙusa kusa da ita ta buɗe bakin baƙar leda. Za a kai kayan shagon gwanjo na taimakon marasa ƙarfi. Isobel tana ɗaukar riga, ta ɓalla maɓallan tun daga ƙasa har wuya, ta shafe ta da tafin hannu, sannan ta ninke.

"Ba sai kin ɓalla ba," in ji Morag. "Za su wanke su ai."

"Ba ya son a ninke masa riga a buɗe."

Ta faɗa, sannan ta ji abin da ta faɗa. Yatsunta suka tsaya cik a kan maɓallin wuya. Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan tabon da kwalayen suka bari a ƙasa. Can ƙasa wata bas ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ba wanda ya shiga, ta rufe ta wuce. Isobel tana nan durƙushe, farar rigar a cinyarta, wuyan rigar a buɗe.